Bayan likita ya ce a koma gida: abin da ya rage a hannun ma'aikaciyar jinya

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a ƙasar Daura, shekarata biyu da fara aiki. Kwanakin baya an kwantar mana da wani magidanci wanda ciwon dajin hanta ya ci ƙarfinsa, daga baya likita ya tara 'yan'uwansa ya ce su koma da shi gida domin babu sauran abin yi. Ni ce na cire masa robar ƙarin ruwa yana nishi, matarsa ta tambaye ni abin da za su riƙa ba shi, na rasa abin faɗa sai "Allah ya sawwaƙe". Har yau abin yana cina. Wace ƙwarewa ya kamata in kasance da ita a irin wannan hali, kuma a ina ake samun horonta?

Amsa: Ƙanwata, abin da ya same ki ya same ni a farkon aikina, kuma na ga ya sami ɗalibai masu yawa da suka bi ta hannuna cikin shekaru fiye da 20 da na yi tsakanin ɗakin marasa lafiya da aji a nan Katsina. An koya mana awon jini da zafin jiki, an koya mana ɗaura ruwa da wanke ciwo da karɓar haihuwa, duk bisa zaton cewa wanda ke kan gadon zai tashi ya koma gida da ƙafarsa. Wanda ba zai tashi ba kuwa, darasinsa bai wuce 'yan shafuka ba, mafi yawansu ma a kan kintsa gawa ne. Saboda haka ki sauke wa kanki laifi, an tura ki gona ne babu fartanya.

Maganar da nake so ki cire daga bakinki tun yau ita ce "babu sauran abin yi". Abin da likitan yake nufi shi ne babu sauran maganin da zai kawar da cutar, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma raɗaɗi yana nan, kumburin ciki da amai da rashin barci suna nan, tsoron da ke zuciyar mutumin da ruɗewar iyalinsa suna nan, kuma kowanne daga cikinsu akwai abin da ake yi masa. Wannan fanni shi ne muke kira faliyetib a asibiti, ni kuwa na fi son in kira shi jinyar sassauci, domin manufarsa ita ce mutum ya yi sauran kwanakinsa cikin sauƙi da mutunci, ba tare da an gaggauta masa ajali ko an ja masa wahala ba. Wadda ta kafa harsashinsa a wannan zamani, Cicely Saunders, da aikin jinya ta fara kafin ta zama likita, kuma a 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan. Ita ce ta nuna cewa ciwon mai jinyar ajali ba a jiki kaɗai yake ba, yana haɗe da damuwar zuciya da halin iyali da tambayoyin da mutum yake yi tsakaninsa da Mahaliccinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne suke bukatar wannan kulawa kowace shekara, kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai suke samunta, kuma a 2014 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su sa ta cikin tsarin lafiyarsu da manhajar horar da ma'aikata. Ba kuma ta masu ciwon daji kaɗai ba ce. Mai ciwon ƙoda da ya kasa biyan wankin ƙoda, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da mai ciwon zuciya da ba ya iya kwanciya, da yaro mai sikila, duk suna cikinta, kuma ana fara ta tun ana kan magani, ba sai an fid da rai ba.

Ƙwarewa ta farko, wadda sauran suke rataye a kanta, ita ce ki iya wuce kalmar "da sauƙi". Kin san halin mutanenmu. Ki tambayi Bakatsine ko Badauri yana murƙususu, "Ya jiki?", amsar da zai ba ki ita ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", domin tarbiyyarsa da addininsa sun koya masa dauriya da godiya, raki kuma abin kunya ne. Idan kika rubuta wannan amsa a takarda kika wuce gado na gaba, kin gaisa da shi ne kawai, ba ki auna ciwonsa ba. Na taɓa jinyar wata dattijuwa mai ciwon dajin bakin mahaifa a wani asibiti da na yi aiki, kwana uku muna miƙa wa juna aiki muna cewa ba ta da koke. A dare na huɗu na je gyara mata kwanciya, sai na ga gefen zanen gadon ya jiƙe ya tattaune, ashe cizonsa take yi idan ciwon ya taso domin kada surukinta da ke zaune a baranda ya ji muryarta. Na ja labule, na zauna a bakin gadon, na ɗaga mata hannuna na ce, "Inna, dunƙulallen hannu babu ciwo ke nan, yatsa biyar kuwa ciwon da ba ki taɓa jin irinsa ba, yanzu yatsa nawa ne?" Ba ta ce komai ba, ta kama hannuna ta buɗe yatsun duka biyar.

Tun daga ranar nake koya wa ɗalibai cewa a gaisa tukuna, sannan a sallami waɗanda maras lafiya yake jin nauyinsu, sannan a zauna, domin wanda ke tsaye a kanka da takarda a hannu ba ya samun gaskiyar magana. Ki tambayi inda ciwon yake da inda yake tafiya, da abin da ke tayar da shi, da ko yana hana barci ko sujada. Ki kuma saurari kalmar da aka zaɓa, domin Hausa tana da wadatar sunayen ciwo, kuma kowane suna yana nuna hanya. Murɗawa ta hanji ce, zogi mai nauyi da ke ƙaruwa da motsi yakan zama na ƙashi, wanda kuwa ya ce yana jin ƙuna ko tafiyar kiyashi ko fizgar lantarki, jijiya ce ta taɓu, kuma irin wannan yakan bukaci magani irin amitiriftilin a kan na ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka lambar da maras lafiya ya ba ki ita za ki rubuta, ko da fuskarsa ba ta nuna ba, ki sake aunawa bayan an ba da magani. Wanda ba ya iya magana kuwa, ki karanta tamuke fuska da nishi da yadda yake ƙanƙame jiki idan an juya shi.

Daga nan sai magani, kuma a nan ne na fi ganin tsoro a idon ma'aikata. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da ake kira tsanin maganin ciwo, wanda ya fara da farasitamol da danginsa, ya hau zuwa kodin ko taramadol, ya ƙare da mofin ga ciwo mai tsanani. Ƙa'idarsa ita ce a ba da magani ta baki, a kan lokaci, ba sai ciwo ya dawo mutum ya roƙa ba. Ga babba wanda bai taɓa shan irinsa ba, likita yakan fara da miligiram 2.5 zuwa 5 na ruwan mofin kowace awa 4, kuma idan ciwo ya ɓallo a tsakani a ba da ƙari daidai da wancan awon, a rubuta, washegari a haɗa lissafi a san ko za a ɗaga. Mutumin ƙauye ba ya bin agogo, amma yana bin salla, shi ya sa nake ce wa iyali su ba da shi da asuba, da hantsi, da azahar, da magariba, sannan lokacin kwanciya a ba da ninki biyu idan likita ya amince, domin kada a tashe shi tsakar dare. Duk wanda aka fara wa mofin, a fara masa maganin sassauta ciki a rana guda, domin taurin bayan gida ba ya barin mai shansa, kuma na ga mutanen da suka daina magani saboda wannan wahala kaɗai. Tashin zuciya da gyangyaɗi na kwanakin farko sukan wuce cikin 'yan kwanaki, amma sai kin faɗa wa iyali tun kafin su gani, in ba haka ba za su ce maganin ne yake kashe shi.

Tsoron da ake yi yana da tushe, ba zan raina shi ba. Mun ga abin da kodin da taramadol suka yi wa matasa da matan aure a Arewa, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, kuma duk ma'aikacin da ke riƙe da makullin akwatin waɗannan magunguna yana tunanin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da lissafin da za a tambaye shi. Sai dai mai ciwon daji da ake ba wa awon da ya dace da ciwonsa, a baki, ana ɗagawa sannu a hankali, da wuya ya zama mashayi, kuma da wuya numfashinsa ya tsaya. Abin da za ki riƙa dubawa shi ne barcin da ya yi nauyi har ba a iya tayar da shi, da numfashin da ya sauka ƙasa da 8 a minti, a nan ne za ki dakatar da magani ki kira likita a nemo naloksan, maganin da ke karya ƙarfin mofin. Ki yi hattara da tsoho da mai ciwon ƙoda ko hanta, domin maganin yana taruwa a jikinsu, su ana rage musu awo a kuma ƙara tazara. Abin da nake roƙon ki guje masa shi ne sabon da muka yi da allurar fentazosin ga ciwo mai daɗewa, domin aikinta gajere ne, tana da iyakar da ba ta wucewa, yawan yinta yana lalata tsoka, kuma tana rage ƙarfin mofin idan aka haɗa su. Idan iyali suka ce ai kayan maye ne, ki nuna musu cewa wanda aka sauke wa ciwo shi ne yake iya taimama ya yi salla a kwance da hankalinsa, wanda ciwo ya gigita kuwa ko sunan 'ya'yansa ba ya iya kira.

A ƙasar nan likita ne yake rubuta mofin, amma ma'aikaciyar jinya ce take gano bukata, ita take tuna wa likita, ita take bayarwa ta rubuta a rajista, saboda haka rashin saninta yana hana maganin isa gado ko da yana cikin ɗakin magani. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa abin da Nijeriya take samu na irin waɗannan magunguna bai kai kashi 1 cikin 100 na bukatarta ba, duk da cewa tun 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fara shigo da garin mofin ana haɗa ruwansa a manyan asibitoci. Yuganda, wadda ba ta fi mu arziki ba, ta bi wata hanya. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Nijeriya, ta kafa Hospice Africa a Kampala a 1993, kuma a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da suka yi horo na musamman izinin rubuta mofin da kansu. A ganina jiharmu ta Katsina mai ƙananan hukumomi 34, wadda likitocinta suka fi yawa a birane, ba za ta kai sauƙi ga ƙauyukanta ba sai ta irin wannan hanya.

Akwai kuma ayyukan hannu da ba su bukatar kuɗi mai yawa. Matar da dajin mama ya fashe mata takan zo a makare, sau da yawa saboda an gaya mata cewa daji ba ya son allura, kuma abin da ya fi cin ranta shi ne warin da ya sa aka ware mata ɗaki har jikokinta suka daina shiga. Wanke ciwon da ruwan gishiri mai tsabta, a daka ƙwayar Flagyl a barbaɗa, a rufe da ƙyalle mai tsabta, yakan kashe warin cikin 'yan kwanaki, kuma ranar da yara suka koma ɗakinta za ki ga ta ci abinci. Juya maras lafiya kowace awa 2 da shanya shimfiɗa suna hana gyambon kwanciya. Duba baki kullum, domin farin ƙurajen da ke fitowa a harshe suna hana haɗiya kuma suna da magani. Mai haki ki zaunar da shi ki sa a yi masa fifita a fuska. Mai ciwon daji da ya fara ciwon baya tare da nauyin ƙafafu ko riƙewar fitsari kuwa, wannan gaggawa ce, a kira likita a ranar.

Abin da ya fi magani wuya shi ne magana. A wurinmu cuta ta dangi ce, kuma sau da yawa babban wa ko miji ko kawu ne zai tare ki a ƙofa ya ce, "Sista, don Allah kada ki gaya masa, hankalinsa zai tashi." Ba ƙiyayya ce ta sa shi faɗin haka ba, tausayi ne, kuma idan kika yi masa gatsali kin rasa iyalin gaba ɗaya. Ki zauna da shi ki tambaye shi abin da yake tsoro, ki yi masa alkawarin ba za ki ɗora wa maras lafiya abin da bai nema ba, amma ki gaya masa a fili cewa idan ya tambaye ki ba za ki yi masa ƙarya ba. Shi kuma maras lafiya, ki fara da tambaya: "Baba, kai me kake gani game da jikin nan?" Sannan, "Kana so a yi bayani da kai, ko akwai wanda ka wakilta?" Wani zai ce a yi da babban ɗansa, wannan haƙƙinsa ne. Amma da yawa za su dube ki su ce, "'Yata, ni na san ciwon nan ba na tashi ba ne," domin sun riga kowa sani, shiru kawai suke yi saboda kada su karya zuciyar iyalinsu, iyalin su ma suna shiru saboda shi.

Ba a yanke wa mutum rana, rai a hannun Allah yake, kuma mu kanmu mun sha yin zato ya saɓa. Amma tsakanin yanke rana da cewa "za ka warke" akwai fili mai faɗi. Ina cewa, "Ciwon ya yi nisa, maganin da muke da shi ba zai kawar da shi ba, amma ba za mu bar ka da raɗaɗi ba." Daga nan sai in yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo. Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne abin da ɓoyewa take janyowa. Musulmi yana da bashin da zai ambata, da ajiyar mutane, da wasiyyar da ba ta wuce sulusi, da waɗanda yake so su yafe masa. Wani dattijo mai sayar da hatsi, bayan mun yi irin wannan magana, ya sa aka kira ɗansa da takarda, ya yi ta lissafa buhunan da ake binsa da waɗanda yake bi, har da kuɗin wata gwauruwa da babu wanda ya san yana hannunsa, ya gama ya ce a gyara masa matashi zai kwanta. Ga kuma dukiya. Na ga iyalan da suka sayar da shanu suka jinginar da gona suna yawo tsakanin Kano da Zariya da masu maganin gargajiya, saboda babu wanda ya zaunar da su ya gaya musu gaskiya, aka wayi gari babu uba kuma babu abin da marayu za su ci.

Kwanakin ƙarshe suna da alamomi, kuma wajibi ne ki san su ki kuma iya fassara su. Barci yana yawaita, sha'awar abinci tana ɗaukewa, fitsari yana raguwa, hannu da ƙafa suna sanyi, numfashi yana tsayawa ya dawo, daga baya gargara ta fara. A nan iyali sukan matsa a ɗura kunu ko a ɗaura ruwa, domin a wurinsu barin mutum babu ci rashin imani ne. Ki yi musu bayani a hankali cewa cutar ce ta ɗauke yunwar, ɗura kuma tana iya bin hanyar iska ta shaƙe shi, ƙarin ruwa a wannan mataki yakan ƙara kumburi da majina a ƙirji. Akwai ruwayar Tirmizi da ta hana tilasta wa marasa lafiya abinci, kuma ambatonta yakan kwantar da hankalin dattawa. Ki ba su aikin da hannunsu zai yi, wato jiƙa leɓe da auduga, ko da ruwan zamzam ne idan suna da shi, da shafa mai, da riƙe hannu. Gargara ta fi damun masu ji a kan mai yinta, juya shi a kan gefe yana rage ta, likita kuma yana iya rubuta Buscopan. Ki tuna musu cewa mai yiwuwa yana ji, saboda haka a guji maganar gado da koke-koke a kansa. Laƙƙana kalmar shahada umarni ne da ya zo a ruwayar Muslim, ana yinsa a tausashe ba tare da takurawa ba, kuma aikinki shi ne ki ja labule ki ba su wuri. Idan Kirista ne, kamar 'yan'uwanmu da yawa na wajen Malumfashi da Kafur, ki tambaya ko a kira fasto ko fada. Bayan rai ya yi halinsa, a rufe ido, a ɗaure haɓa, a cire robobi, a suturta, mace ta kula da mace, a kuma gaggauta takardu domin mutanenmu ba sa jinkirta jana'iza.

Game da horo, ra'ayina shi ne taron bita na kwana uku a otal ba ya sauya hannun ma'aikaci, domin ana fita da takardar shaida a koma ga tsohon sabo. Ƙudurin 2014 ya raba horon gida uku, na tushe ga kowane ma'aikaci, na tsakiya ga masu yawan haɗuwa da irin waɗannan marasa lafiya, da na ƙwararru, kuma mu na tushen muka fi bukata, a koyar da shi a bakin gado, ƙarama tana kallon babba tana yi sannan ita ma ta yi a gabanta. A kuma yi atisayen magana da Hausa, domin jarrabawarmu da Turanci muke rubutawa, amma matar da ta tare ki da tambaya da Hausa ta yi miki ita. A sa jami'an lafiya na matakin farko a ciki, tunda su ne suke kusa da gidajen da ake mutuwa, musamman inda rashin tsaro ya sa tafiya birni ta zama kasada.

Wuraren nema suna nan. Asibitin Koyarwa na Ibadan yana da sashen wannan kulawa tun 2007, wanda aka kafa bisa jagorancin Farfesa Olaitan Soyannwo, akwai kuma ƙungiyar HPCAN ta masu wannan aiki a Nijeriya, wadda ya kamata ki shiga. Cibiyar Hospice Africa da ke Kampala tana ba da difloma da digiri, ƙungiyar APCA ta nahiyar Afirka tana da littattafan jagora a intanet, shirin ELNEC da aka fara a Amurka a 2000 kuwa domin ma'aikatan jinya aka tsara shi. Tun 2021 ƙasar nan tana da manufa ta ƙasa a kan wannan kulawa, wadda za ki iya kafa hujja da ita idan kika je wurin shugabar ma'aikatan jinya ta asibitinku neman a sa darasin cikin karatun da ake yi kafin sabunta lasisi. Cibiyar ciwon daji da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025 ta kawo masu wannan cuta da ƙwararrunta kusa da mu, ki nemi a tura ki can ko da na 'yan makonni ne. Ki kuma sami babbar abokiyar aiki da za ki riƙa zama da ita bayan kowace rasuwa mai nauyi, domin wadda take haɗiye komai ita kaɗai takan wayi gari zuciyarta ta bushe.

Da za a maido miki da magidancin nan, rabin awa ya isa ki yi abubuwa da dama. Ki auna ciwonsa da yatsu, ki koma wurin likita da lambar ki roƙi a rubuta ruwan mofin a ƙaramin awo mai tazara saboda hantarsa, tare da maganin sassauta ciki, domin taurin ciki yana jawo wa mai ciwon hanta ruɗewa. Ki tambaya ko za a zuƙe masa ruwan cikin kafin tafiya domin numfashi ya sami wuri. Ki gargaɗi matar cewa kada a sayo masa maganin ciwon jiki irin daikulofenak ko ibufurofen a kemis, domin suna iya jawo zubar jini su kuma taɓa ƙoda. Ki ce mata ta ba shi abin da ransa yake so kaɗan-kaɗan, ta shafa masa man kaɗanya inda yake ƙaiƙayi, ta tanadi zane mai duhu a kusa saboda aman jini yana iya zuwa, idan ya zo ta kwantar da shi a gefe ta zauna tare da shi. Ki nuna mata juyi da wanke baki da hannunki, ita ma ta yi ki gani. Ki rubuta lambar wayar ɗakinku a bayan katinsa, ki karɓi tasu, ki kira bayan kwana biyu ki ji yatsa nawa ne. Idan labarin rasuwa ya zo, ki kira ta ki yi mata gaisuwa, sannan ki roƙi a maido sauran maganin da ke cikin kwalba domin a shigar da shi rajista.